Kujerar da Baba Bai Zauna Ba

Ummi, wannan babin naki ne, ke da ƙaninki Sadiƙ, ko da yake shi ba a haife shi ba a lokacin, ke kuma ba ki wuce goyo ba. Na san wata rana idan mun je hutu Malumfashi wani zai faɗa a gabanku, cikin wasa ko ba cikin wasa ba, cewa uwarku ce ta riƙe kakanku a Doha har Hajiya, kakarku, ta rasu bai gan ta ba. Na ji Gwaggo Binta, ƙanwar Abbanku, ta faɗa da kunnena tana tsince shinkafa, ba ta san ina bayan ƙyaure ba. Ban riƙe ta a rai ba, domin uwa ta rasa. Amma ina so idan maganar ta iso ku, ta tarar kun riga kun san yadda abin ya kasance.

Baba ya zo Doha ne saboda sunanki. Hajiya ce ya kamata ta zo, amma gwiwoyinta sun daina son doguwar tafiya, kuma ta ce ita ba za ta shiga abin da ba a iya ce wa direbansa ya tsaya a sauka ba. Sai aka turo Baba, mutumin da tun tasowarsa damina ba ta taɓa samun shi nesa da gonarsa ba, ɗauke da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da wani zanen saƙi da Hajiya ta ce da shi za a fara goya ki. Sunanta aka sa miki, shi ya sa ba ki taɓa jin an kira ki da sunan yanka a gidan nan ba. Ya ce ba zai daɗe ba, zai koma kafin a fara sharar gona. Bai gama hutawar gajiyar hanya ba korona ta rufe filayen jirgi, ta rufe masallatai, ta kulle kowa a inda ta same shi.

A lokacin muna unguwar Bin Omran, a wani tsohon gida da aka raba shi sassa-sassa. Mu ne a sama, ɗaki biyu da falo, tagarmu tana kallon wani gidan burodi da shagon wanki da guga. A ƙasa akwai Mma Adiza, 'yar Zangon Kumasi, mai ɗinki, wadda ta tsaya mini a jego kamar ita ta haife ni, domin mahaifiyata ta rasu tun ina makarantar kwana. Abbanku kuwa yana aikin gas can arewacin ƙasar, kuma da cutar ta yi ƙarfi sai aka riƙa tsare su a wurin aiki makonni a jere, kada wani ya fita ya kwaso ta. To kin ga yadda aka bar mu: ni, da jaririya, da surukina, a falon da taku kaɗan ke ƙure shi.

Ban san ko zamaninku zai gane wannan ba. Ni na tashi ne a gidan da mace ba ta kallon fuskar uban mijinta. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Na gani ne na ɗauka, kamar yadda yaro ke ɗaukar harshe. Idan zan kai masa abinci sai in durƙusa daga bakin kafet, in ajiye, idona a ƙasa, in ja da baya. Shi ma yana tsare nasa gefen. In ya ji motsina a kicin ba ya fitowa, in kuwa magana ta kama, sai ya yi ta da bango ko da ke. Malama yake kirana, saboda na taɓa koyarwa kafin aure, Abbanku kuma Injiniya, domin ɗan fari ne, ba ya faɗin sunansa. Watanni muka yi a haka. Na san ƙafafunsa masu faso, na san hannun da ke jan carbi, na san bakin rigarsa inda zare ya fara warwarewa. Fuskarsa kuwa, da an ce in siffanta ta, sai dai in siffanta wadda ke cikin hoton bikinmu.

Abin da ido ya bari sai kunne ya ɗauka. Na san tarinsa na safe, na san yadda yake jan silifas idan barci bai ishe shi ba, na san alwalarsa fiye da komai. Baba ba ya wasa da shaƙa ruwa. Zai ja shi har can ciki, sannan ya fyace da dukkan ƙarfinsa, da wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi, kuma tunda ya zo hancin ke toshe masa, sai ya ƙara ƙarfin. Har ƙasa ake ji. Wata rana Mma Adiza ta hawo da kunun gyaɗa, ta tsaya a kan matakala ta yi mini raɗa.

“Ei, Sakina, ni tunda aka rufe masallaci ban rasa lokacin salla ba. Hancin Alhaji ya fi lasifika.”

Na toshe baki da mayafi na yi dariya har na yi hawaye. Shi kuwa esi, injin sanyaya ɗaki, yake ɗora wa laifi. Ya ce sanyin inji ba sanyin Allah ba ne, shiga ƙashi yake yi. In an kashe zafi ya hana shi numfashi, in an kunna ya ɗauko hirami ya naɗe kai da fuska, ido kawai a waje. In zai leƙa baranda ya ɗora takunkumi a kai. Ko da ina da ƙarfin halin ɗaga kai, ba abin da zan gani sai ƙyalle.

Ke ce abokiyar hirarsa. Da hantsi zan shimfiɗa ki kusa da shi in koma kicin, in bar ƙofa a ɗan buɗe. A nan nake jin Baban da ban sani ba.

“Ke mai sunan manya, kin riƙe ni a garinku ba ki ko iya dama fura ba. Takwararki tana can ta samu sake, ba mai ce mata miya ta yi gishiri. In na koma sai na faɗa mata ke kin fi ta haƙuri, ko da yake ta fi ki haƙora.”

Da yamma kuma akan kira gida. Wayar Hajiya ƙarama ce, ba ta hoto, shi kuma kunnensa ya yi nauyi, sai in buɗe masa murya in ajiye a gabansa in matsa. Hirar ba ta canzawa. Ya gida, ya yara, an yi ruwa, an kai taki, akuyar nan ta haihu? Ita kuma ta ce lafiya lau, lafiya lau, an gode Allah. Daga nan sai su yi shiru, ba wanda ya kashe. Ina jin kukan kaji daga can, da ƙarar turmin maƙwabta, da numfashinta. Sukan daɗe a haka. Sai can ya ce, to, a gaida mutane, ta ce su ji. A duk karatun da na yi ban taɓa cin karo da zancen soyayya da ya kai wannan shirun ba.

Bayan ƙaramar salla aka ji labarin za a yi jirgi na musamman domin 'yan Najeriya da suka maƙale. Abbanku ya yi ta waya daga wurin aiki har ya samar wa Baba kujera. Ranar da aka faɗa masa, na ji abin da ban taɓa ji ba: yana ninke kaya yana ɗan rera wani abu a maƙoshi. Damina ta riga ta sauka a gida, an yi shuka ba shi. Ya kira ni, yana magana da labule.

“Malama, in an buɗe shagunan nan, a samo mayafi. Irin na tsofaffi, mara walƙiya. Akwai mai buƙata.”

Mma Adiza ta zaɓo mana ruwan toka mai ɗan aiki a baki. Ya sa shi can ƙasan jaka, ya danne da riguna.

Saura 'yan kwanaki a tafi na wanke masa hiramin, domin kada ya shiga jirgi da shi da datti. Da safe na kawo shayi, kina kan cinyarsa. Ina cikin durƙusawa kika miƙa hannu kika damƙi kuncinsa, irin damƙar jarirai. Sai ya yi wata ƙara, gajeriya, ba irin ta wasa ba. Kaina ya ɗagu da kansa, ban yi shawara da shi ba. Gefen fuskarsa na dama ya tashi tun daga ƙarƙashin ido har gefen hanci, sumul, ba ja ba ƙurji, kamar an tura ƙwarya ƙarama a ƙarƙashin fata. Idon wannan gefen ya ɗan hau sama ya turo gaba, ba ya kallon inda ɗan'uwansa ke kallo. Na kalle shi, ya kalle ni. Wannan ne karo na farko.

“Ba komai ba ne, Malama,” ya ce, yana laluben hiramin da ba ya nan. “Sanyin injin nan ne. In na sha iskar gida zai sauka.”

A kicin na tsaya na riƙe bakin tebur. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: shayin da nake gogewa a gefen kofi kullum, ina cewa rawar hannu ce ta tsufa, yadda ya daina karatu a Alƙur'aninsa ya koma hadda, yadda yake lalubar hannun ƙofa. Abu biyu yake gani a wurin ɗaya, kuma bai faɗa wa kowa ba. Na sauka wurin Mma Adiza na faɗa mata abin da na gani. Ta ajiye almakashi.

“Tun yaushe?”

“Ban sani ba, Mma.”

“Gida ɗaya kuke ba ki sani ba? Ku da kunyarku, mutum zai narke a gabanku kuna kallon tabarma. Yalla, maza kira mijinki. Kawo yarinyar nan.”

Abbanku ba shi da halin fita, kuma asibiti mutum ɗaya suke bari ya raka mara lafiya. Haka na tuƙa surukina, yana zaune a kujerar baya daidai ƙeyata, inda ko a madubi ba za mu haɗa ido ba. Titunan Doha fayau, kamar an share garin an manta a dawo da mutane. Aka auna mu a ƙofa, aka duba shi, aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoton kai. Likitar da ta kira mu daga baya 'yar Sudan ce, dattijuwa, mai magana a hankali. Baba ba ya jin Turanci, Larabcinsa kuma na littafi ne, don haka ni ce bakinsa, ni ce kunnensa.

Ta juyo mana da allon kwamfuta. Ta ce kowane mutum yana da kogo a cikin ƙashin kunci, ɗaya dama ɗaya hagu, ba komai a cikinsa sai iska, kuma akwai wata 'yar ƙofa da ta haɗa shi da hanci, iskar tana shiga tana fita. Na Baba na hagu ga shi nan daidai. Na dama kuwa ya buɗe ya yi girma, baƙi wuluk a hoton, ya tura bangonsa ta ko'ina, ya matse hanci, ya ɗaga daɓen da ido ke zaune a kai. Ba ƙari ba ne, ba ruwa ba ne, ba mugunya ba ce. Iska ce kawai ta shiga ta rasa hanyar fita, ta yi ta tura ƙashi a hankali har ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai. Ta ce abu ne da ba a cika gani ba, ita kanta a littafi ta fi saninsa. Na tambaye ta me ke kawo shi. Ta ce masana ba su gama yarda a kan abu ɗaya ba. Wasu da shi ake haifarsu, wasu tsohon rauni ne, wasu ba a gano dalili sam. Amma abin da ta fi zato a nan shi ne wani ɗan nama da ya tsiro a bakin ƙofar, ya zama kamar murfi mai buɗewa ciki kawai: in an tura iska da ƙarfi ta shige, in ta zo fita ya rufe. Ta tambaya ko ya taɓa buguwa a fuska. Baba ya ce wani bijimin sa ya taɓa tunkuyinsa yana saurayi, amma a haƙarƙari ne, sai dai in ciwon ya yi tattaki. Sai ta tambaya ko yana fyace hanci da ƙarfi.

“Sosai,” na ce da Turanci, kafin in fassara masa. “Kowace alwala.”

Ya ga likita ta gyaɗa kai tana murmushi a ido, ya nemi a faɗa masa abin da aka ce. Na faɗa, ina ji kamar ƙasa ta tsage.

“Ashe ana saurarena a gidan,” ya ce wa bango.

Likitar ta ce ba alwala ce ta kawo ciwon ba, kada ya sa wannan a ransa, amma daga yau ya shaƙa ruwa a hankali, ya share a hankali, kada ya sake fyacewa ko kaɗan. Maganin aiki ne ƙarami, ta cikin hanci, a cire naman a faɗaɗa ƙofar. Sai dai an dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba saboda cutar, dole a jira. A nan na gaya mata maganar jirgi. Ta ajiye alƙalami. Ta ce iskar da aka kulle tana kumbura idan jirgi ya yi sama, kuma ƙashin da ke ƙarƙashin idon nan ba shi da sauran ƙarfi. Wataƙila ya sauka lafiya da ciwon kai kawai. Wataƙila idon ya samu lahanin da ba ya gyaruwa. Ba za ta iya yi mana alkawarin ko ɗaya ba, shawararta ita ce ya jira. Sannan ta yi tambayar da har yau nake jin ta da muryarta.

“Tambaye shi, akwai wani abu a gida da ba zai iya jira ba? In akwai, ya faɗa mini. Sai mu auna abin da wani ma'auni, in ba shi abin da zan iya, ya tafi da saninsa.”

Na fassara masa kalma bayan kalma. Ya yi shiru. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ni da na shafe watanni ina karatun shirun mutumin nan, na san wannan ba na mai tunani ba ne, na wanda ya san amsa ne yana neman inda zai ajiye ta. A gabansa ga baƙuwar mace, a gefensa ga matar ɗansa. Dattijo irinsa, wanda bai taɓa kiran sunan matarsa a gaban 'ya'yansa ba, ta ina zai buɗe baki ya ce ina so in koma wurin tsohuwata?

“Gona ce kawai,” ya ce. “Tana nan inda na bar ta. Babu komai.”

Na juya na ce wa likita gona ce kawai, babu komai. Abin da ya faɗa na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ban ga ta inda suruka za ta ce wa likita, a gabansa, tsohon nan kewar matarsa yake yi ba. Da na faɗa, da na tsiraita shi. Haka na gani a ranar, kuma har yau ban san wata hanyar da yarinya mai tarbiyya irin tawa za ta bi ba. Amma na ji abin da ke ƙarƙashin maganar, Ummi. Wannan ne ke zaune a ƙirjina.

Da yamma Abbanku ya haɗa mu duka a waya, ya yi wa Hajiya bayani. Ina sauraron ko za ta ja numfashi, ko za ta ce wani abu da zai ba wa Baba ƙofa.

“Ya zauna,” ta ce. “Ido ba abin wasa ba ne. Mu nan lafiya lau. Dawa ta yi kyau, Binta na zuwa kullum.”

Muryar ta yi ƙasa, na ɗauka layi ne. Sai daga baya muka ji daga bakin Gwaggo Binta cewa a kwance ta yi wannan maganar. Ciwon suga ya riga ya taɓa mata ƙafa, ko bayi sai an riƙe ta, kuma ta sa kowa ya yi mata alkawari ba za a faɗa ba. Wai kada a ɗaga masa hankali yana ƙasar mutane. Shi ya ɓoye mata fuskarsa, ita ta ɓoye masa ƙafarta, kowa yana tausayin kowa, mu kuma muna tsakiya muna isar da gaisuwa.

Aka ba wa wani ɗalibi kujerar. Ranar da jirgin zai tashi Baba ya ja kujera bakin taga ya zauna tun hantsi, yana kallon masu layin burodi, kowa nesa da kowa. Bai kwashe kayan daga jakar ba. Haka ta zauna a ɗaure a bakin gadonsa, yana zaro riga in yana buƙata, ya mayar in an wanke.

Damina ta yi nisa a gida lokacin da Abbanku ya shigo wata safiya ba sanarwa. Tun daga yadda ya cire takalmi na gane. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Baba, takunkumi a fuska, bai iya matsawa kusa ba saboda daga cikin mutane ya fito.

“Baba, sai haƙuri. Hajiya ta cika da asuba.”

Na ji salati, a hankali, sau da yawa. Sannan ya tambaya wa ya yi mata salla. Aka faɗa masa. Ya tambaya ko an kai ta. Aka ce yanzu aka dawo. Ya ce, to. Zaman makokin da aka yi a Malumfashi ya cika unguwa, namu kuwa mu uku ne da waya. Mma Adiza ta dafo abinci ta tsaya a tsakiyar matakala, daga nan ta yi masa gaisuwa tana kuka. Shi bai yi kuka a gabanmu ba. Amma da azahar na ji shi a banɗaki ya buɗe famfo ya daɗe, kuma ko a wannan halin yana bin umarnin likita. Hawaye na saukar masa ta hanci, ba halin fyacewa, sai dai ya dangwala da tawul a hankali, ya sake dangwalawa. Na tsaya a kicin ina roƙon Allah in ji ƙarar nan ta yaga yadi ko sau ɗaya. Ban ji ba.

Da cutar ta ɗan lafa aka kira mu. Na raka shi kamar farko, na zauna a baranda da kofin shayi ina karanta Yasin. Ban gama nutsuwa a kujerar ba, a ganina, likita ta fito ta ce khalas, an gama, komai ya tafi daidai, an cire naman, ƙofa ta buɗe, ido zai koma mazauninsa sannu a hankali. Ba yanka a waje, ba ɗinki. Da ya farfaɗo na shiga na durƙusa daga gefen gado.

“Malama, yaushe za a fara?”

“An gama, Baba.”

Ya ɗaga hannu ya shafa audugar da ke hancinsa.

“Wannan ne duka?”

“Shi ke nan, Baba.”

Ya juya kai wajen bango. Ban taɓa jin an tambayi abu da nauyi irin wannan ba.

Sai bayan an gama girbi likita ta sallame shi ya hau jirgi. Kumburin ya sauka, ko da yake gefen bai koma daidai da ɗan'uwansa ba. Da zai fita ya buɗe jakar, ya zaro mayafin daga ƙasa, ya ajiye a kan gadonki, ya ce a adana wa yarinya. Yana cikin akwatina mai ruwan ƙasa, in kin girma naki ne.

Bayan shekara biyu garin ya zama wani gari. Mun koma unguwar Al Wukair, ina da cikin Sadiƙ, aka fara gasar ƙwallon duniya. Daga saman gidanmu ina ganin jirage suna saukowa a jere, wani bai taɓa ƙasa ba wani ya kunno kai, kamar sama ba ta taɓa rufuwa ba. Tituna sun cika da tutoci da ganguna da harsunan da ban taɓa ji ba, ba mai takunkumi, kowa na rungumar kowa. Kina tsalle a baranda kina ƙirga fitilun jirgi, ni kuwa ina kallonsu da wani abu mai kama da jin haushi, ina cewa ashe abu ne mai sauƙi haka. Abbanku ya so Baba ya zo, ya ga gari, likita ta sake duba shi. Ya aika aka tambaye shi, ya ce a bari tukuna. Aka sake tambaya, ya ce a bari. Wata la'asar Abbanku yana filin wasa da abokan aikinsa, wayar gida ta yi ƙara, na ɗauka.

“Malama ce?”

“Ni ce, Baba. Ina wuni.”

“Lafiya lau. Na ga garinku a talabijin ɗin maƙwabta. Duk duniya ta samu hanyar zuwa.”

“Saura kai, Baba.”

Ya yi 'yar dariya. Ya ce shi ya gama da jirgi, in Injiniya na son ganinsa ya san hanyar gida. Na tambaye shi hanci, ya ce yana shaƙar ƙamshin ƙasa tun kafin hadari ya haɗu. Na tambaye shi ido.

“Ido tar. Har lambar da ke bayan rigar yaran nan nake karantawa, matasa na tambayata wa ya ci. Kun yi ƙoƙari, ke da likitar nan. Allah ya yi albarka.”

Na ce amin. Sai ya yi shiru, bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin iska tana kaɗa karan dawa a bayansa, na gane daga gona yake kira.

“Da idon nan na je na gano makwancinta,” ya ce. “Ranar da na sauka ban shiga gida ba, can na wuce. Yaran da suka raka ni sun rikice, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce can ne. Ciyawa ta rufe ko'ina, ta yi tsawo ta bushe. Ni na tsuguna na duba ƙasar, na ga inda ba ta gama kwanciya ba.”

Na jingina da bango, hannuna a kan cikina.

“Damina guda ta riga ni zuwa, Malama. Ita ta fara yi mata ziyara.”

“Allah ya jiƙanta, Baba.”

“Amin. To, rana na faɗuwa, bari in tattara kara.”